Ƙwanƙwasa Biyu Kafin Waƙa

Litinin, da hantsi

Ruwa ya shanye mashigin kogi, hanya ta rufe. Filin jirgi ma ya koma tafki, agwagin daji kaɗai ke sauka a kai. Daga yau sai mu da abin da ya rage a kanti, har damina ta ga dama.

Na buɗe ɗakin rediyo, karon farko tun da aka turara masa hayaki bayan rasuwar Yaya. Warin ɗanyen ganye na nan a labule. An fitar da kujerar Yaya an ƙona tare da sauran kayansa, sai ɗakin ya yi mini faɗi, ɗakin da a da muke gogar kafaɗa a ciki muna faɗa. Shi ke ɗaukar waƙoƙin mutanen gari, ni ke kan kwamfuta. Ba zan rubuta sunansa ba ko a nan, don a al'adarmu ba a kiran sunan mamaci. Makanikinmu da suke suna ɗaya tuni ya koma Mara-suna, har ya saba amsawa.

Aikin da ya kawo ni: duk waƙar da muryar Yaya ke ciki na ɗiga mata baƙin ɗigo a Korella. Abin da ya sa nake son tsohuwar manhajar nan ke nan, duk muninta. Waƙar da ke da baƙin ɗigo ba ta tashi, ko da kwamfuta ce ke zaɓe da kanta ba kowa a ɗakin. Da sunaye na bi, lasifika a kashe, ban ji komai ba. Wasu nasa ne, wasu amshi ya yi wa mutane, wasu sanarwa ce kawai.

Kawu Ambrose ya leƙo, hularsa na ɗigar ruwa. Shi ne shugaban gari, shi ne kuma yayan Inna, to ko ta ina na juya shi ke sama da ni.

"Kin kulle muryar, Myra?"

"Na kulle, Kawu."

"Har sai uwarki ta ce a buɗe. Ko shekara nawa ne."

"Na sani."

Na sani mana. Ba don kaina nake ajiya ba. Loretta, 'yar Yaya, shekararta uku, ba za ta tuna komai na ubanta ba. Hotunansa sun bi wuta, gidansa an tashi daga ciki. Abin da ya rage nasa a duniya yana cikin wannan kwamfutar, kuma ranar da aka ɗage haramcin, ita zan zaunar ta ji.

Laraba, da yamma

Intanet ya dawo, har ina murna kamar wawuya. Na tafi gida shan shayi na bar kwamfuta tana zuba wa gari waƙa. Da na dawo sai na tarar da baƙuwa a kan allo: Korella ta bakwai. Ban kira ta ba, ban danna komai ba, ta shigo ta kori tsohuwar ta zauna.

Kyau kam akwai shi. Komai shuɗi, maɓallai zagaye, hotunan mawaƙa na ta juyi kamar kaya a injin wanki. Har da rubutu a sama, wai ta gyara mini sunayen waƙoƙi. Wa ya ce mata sun lalace?

Na nemi baƙin ɗigo sama da ƙasa ban gani ba. Na nemi waƙoƙin Yaya, ko ɗaya ba ta fito ba. Na ce wa kaina ƙila saboda ɗigon ne ta ɓoye su gaba ɗaya, ai haka ma ya fi. Na ja ƙofa na tafi.

Alhamis, da rana

Ya yi waƙa a bakin kanti.

Juma'a, da hantsi

Jiya hannuna ya ƙi rubutu.

Kanti cike yake, ana raba sauran naman sanyi. Lasifikar rediyo tana rataye a bakin ƙofa inda take kullum. Inna ta fito daga sansanin makoki karon farko, farar ƙasa a fuskarta, Loretta a hannunta, ta zo sayen fulawa da ganyen shayi. Tun ranar rasuwar ba ta magana da baki, sai da hannu, kamar yadda uwa ke yi. Ni ina ciki ina zaɓen batir.

Sai na ji tak, tak. Ƙwanƙwasa biyun nan da yake yi wa makirufo da farce kafin ya ɗauki komai. Sau nawa na yi masa masifa a kai? Sannan jita. Sannan shi.

Ban san yadda na kai ɗakin rediyo ba, takalmi ɗaya na bari a taɓo. Na fizge waya daga bango, amma kafin nan ya riga ya kai amshi. Da na dawo kanti ba kowa a tsaye. Inna tana zaune a ƙasa cikin ruwa, ta toshe kunnuwan Loretta da hannu biyu, nata a buɗe.

Yau na cire wayar lasifika da ta eriya na kunna kwamfutar don in ga abin da ya faru. A kan waƙar jiya hoton wani Ba'amurke ne mai ƙatuwar hula, da sunan da ban taɓa ji ba. Sabuwar Korella ta kwashe waƙoƙinmu dubbai ta zuba a rumbu ɗaya, ta goge sunayen da na rubuta da hannuna, ta lalubo wasu a intanet ta liƙa musu. Yaya waƙar makiyaya yake so, da Turanci yake yawan rerawa, to sai ta rarraba shi ga baƙi. Yanzu babu sunan da zan yarda da shi. Yana iya kasancewa a bayan kowanne.

Faifan da muke ajiya ta biyu a kai yana cikin jakarsa. Jakar ta bi wuta.

Asabar, da yamma

An zauna a rumfar ofis. Ni a gefe, kaina a ƙasa.

Kawu ya ce, "Injin da ke tashin wanda ya tafi, da kansa, ba a tambaye shi ba, wanke shi za a yi tas, yadda ake yi wa gida. A goge duk abin da ke ciki. Malam yana da waƙoƙi masu tsabta a faya-fayansa, sai a zuba."

Malam Declan ke nan, malamin makaranta, ɗan Adelaide, mutumin kirki mai yawan ɗaga hannu kafin ya yi magana. Ya ɗaga.

"Ni ba dangi ba ne. In sa abin ji a kunne mana, in bi su ɗaya bayan ɗaya, in ware nasa."

"Malam," in ji Kawu, "ba a kunnenka ba, ba a kunnen kowa ba. Muryar nan ta tashi sau ɗaya a garin nan, ka ga abin da ta yi wa ƙanwata. Ba ta ƙarawa."

Na ce a ajiye kwamfutar a kulle, a sa wata. Wace? Ta makaranta a ɗaure take, ba ta karɓar komai daga waje. Na ce a fitar da ita gari in hanya ta buɗe. Kawu ya nuna kogi da leɓe.

"Wannan zai jira hanya? Rediyo muke bukata yanzu, da waƙa a ciki, don mutane su bar shi a kunne."

"Kawu, Loretta fa?"

Kawu ne ya koya wa Yaya jita, kowa ya sani.

"Juma'a ta sama. In kin iya fitar da shi ba tare da kowa ya ji shi ba, ki fitar. In ba haka ba, ni da Malam za mu zo."

Ƙaramin filas na kwamfuta ɗaya gare ni. Zai ɗauki na Yaya, amma ba zai ɗauki rumbun duka ba. Sai na san wanne ne wanne, kuma ba a sani sai da kunne, kunnen kuma an hana. Ko ta ina na bi nan nake dawowa.

Lahadi

Ruwa. Ban kunna ba.

Talata, da hantsi

Na shiga dandalin masu amfani da Korella a intanet. Kai! Ashe biki ake yi. Wani yana rantsuwa bai taɓa ganin manhaja mai kyan wannan ba. Wani yana zagi don an mayar da maɓallin gaba daga hagu zuwa dama, ya ce an kashe masa rayuwa. An yi shafuka ana dambe a kan shuɗin, ko ya yi duhu ko bai yi ba. Akwai masu cewa kowa ya koma wata manhajar, Sonvik, akwai masu ce musu maciya amana.

Na rubuta tawa a taƙaice. Na ce ina baƙin ɗigo, na ce akwai muryar mamaci da ba a yarda a ji ba, kuma ba na so ta ɓata.

Amsar farko: "Goge kawai."

Ta biyu: "Wa ke ajiye waƙa a kwamfuta a zamanin nan?"

Ta uku ta fi ba ni haushi don da ladabi aka yi ta. Wai yana yi mini ta'aziyya, amma shi da mahaifinsa ya rasu sauraron muryarsa ce ta warkar da shi, in gwada. Na gode, bawan Allah. Sai in gwada a kunnen uwata.

Wani mai alamar kamfani a jikin sunansa ya ce sun cire ɗigon ne don mutane ƙalilan ke amfani da shi. Gaskiya ya faɗa. Mu ƙalilan ne.

Alhamis, da rana

Declan ya zo mun gwada dawo da Korella ta shida. Ta dawo, da muninta da komai, har na ji kamar in rungume ta. Amma rumbun ya ƙi buɗe mata, sabuwar ta riga ta sauya masa makulli.

Muka gwada Sonvik. Wuni guda tana sauka. Da ta sauka sai ta ce ba ta motsi sai da intanet, intanet kuwa a lokacin ya bi hadari. Da ya dawo ta leƙa waƙoƙin, ta karanto mini sunayen ƙaryar nan dai, ta ƙara da tambayar ko ina son ta haɗa mini waɗanda suka dace da yanayina.

"Ki faɗa mata yanayin naki mana," in ji Declan.

"Malam, in na faɗa mata ƙonewa za ta yi."

Na yi dariya, karon farko. Sai kuma na tsaya, don a ɗakin nan da shi nake dariya.

Asabar, da yamma

Makirufo ba ya bi ta kwamfuta, don haka ina shiga ina karanta sanarwar kogi da bakina. Amma wa ke ji? Rediyon da ba waƙa kashe shi ake yi a adana batir. Yau da rana na yi ta nanata cewa ruwa zai hau unguwar gangare, har muryata ta dushe. Ba wanda ya ji. Sai da ruwa ya shiga ɗakuna aka kwashe tsofaffi a bayan motar Mara-suna, barguna da magunguna duk sun jiƙe.

Ba wanda ya mutu. Kawu ya dai wuce ta bakin ƙofa ya dube ni. Da ya yi faɗa da ya fi sauƙi.

Inna ba ta dube ni ba tun ranar kanti.

Lahadi

Na ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa don in ji yadda yake. Ba nauyi ko kaɗan.

Litinin, da hantsi

Wata mata a dandalin ta ambaci Gubbin, tsohuwar manhaja ƙarama da aka manta da ita. Nan take aka taso mata da ba'a. Wani ya ce mummuna ce kamar injin duba bugun zuciya na asibiti, ba hoto, ba launi, sai zanen sauti a gaban kowace waƙa. Ba'arsa ce ta tsayar da ni. Zanen sauti?

Ƙarama ce, kafin shayi ya huce ta sauka. Mutumin bai yi ƙarya ba, ban taɓa ganin abu mai muninta ba. Baƙin allo, koren layi. Ba ta tambayar intanet komai, ba ta ba ka shawara. Amma tana buɗe rumbun, kuma tana zana kowace waƙa daga farko zuwa ƙarshe ba tare da ta kunna ta ba.

Na buɗe ta ranar kanti, ta Ba'amurke mai hula. Layi a kwance, sai tsini biyu sirara, kusa da juna. Sai ɗan fili. Sannan waƙar ta cika allo kamar ciyawa.

Tak, tak.

Na buɗe waƙar kamfani da na tabbata da ita. Babu tsini, kai tsaye take farawa. Na buɗe wata, babu. Wata, babu. Wata, ga su.

Duk abin da aka taɓa ɗauka a ɗakin nan shi ya ɗauka, kuma bai taɓa ɗauka ba sai ya ƙwanƙwasa. Ina ce masa, "Yaya, makirufon nan ba ƙofa ba ce." Ya ce, "To in ban yi sallama ba ya zai san na zo?" Shekaru ina cewa zan yanke su, ƙyuya ta hana ni.

Na kifa kaina a tebur na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka kawo gawarsa.

Laraba, da yamma

Idanuna kamar an zuba musu yashi. Buɗe, duba, ware. Buɗe, duba, ware. Mai tsini ya tafi filas ya fita daga rumbu, marar tsini ya zauna. Na fara gane wasu da siffarsu. Ga wadda yake jan numfashi a tsakiya, ga sanarwar allurar yara, gajera, ga wata doguwa da ba kiɗa, magana ce zalla, ban san me ya ce ba.

Kawu ya shigo ban ji shi ba. Ya daɗe a bayana.

"Mene ne wannan?"

Na yi masa bayani.

"Wato shi kike kallo."

"Layi ne kawai, Kawu. Ba a jin komai."

"Hoto ma ba a jin komai, amma mun ƙona." Ya share fuska da hula. "Wannan ya fi ƙarfina, 'yar ƙanwata. Zan kawo uwarki ranar Juma'a. In ta ce hotonsa ne, duka za su tafi, har abin da ke cikin filas ɗin."

Ban yi tunanin wannan ba. Na haƙa hanya da farce na fito, ashe cikin ɗakin na sake ɓullowa.

Alhamis

Na gama. Filas ɗin na aljihuna. Na yi tunanin ɓoye shi in ce ya ɓata, amma me zan ba Loretta, abin da aka sace wa kakarta?

Juma'a, da yamma

Sun zo da hantsi. Declan ya tsaya a waje da faya-fayansa a leda. Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana shaƙar warin ganyen, har na ɗauka ba za ta shigo ba. Ta shigo. Ta rame, farar ƙasar ta tsattsage a kumatunta.

Na nuna mata wayar lasifika a cire, na ɗora mata a tafin hannu don ta tabbata. Na ba ta kujerata. Na soka filas, na buɗe ɗaya.

Ta matso da fuska har numfashinta ya yi tururi a allon. Ta yi mini alama da hannu: ina yake?

Na nuna tsini biyun. Na ƙwanƙwasa iska da farce sau biyu, ban taɓa tebur ba.

Bakinta ya motsa. A gida ma haka yake yi wa tukunya kafin ya buɗe.

Ta ɗora yatsa a kan allon ta bi koren layin a hankali, ta hau inda ya hau, ta sauka inda ya sauka, har ƙarshe. Ta yi alama a sake wata. Na sake. Ta bi. Kawu ya juya mana baya yana kallon ruwa.

Sannan ta juyo gare shi ta yi magana da hannu, a hankali, don kowa ya gani. Ba fuska ba ce. Ba murya ba ce. Ta taka yatsu biyu a kan cinyarta: sawu ne.

Inna da hannunta ta bi garin nan da reshen ganye ta share sawunsa, daga bakin gidansa har bakin wannan ƙofar. Sawu sharewa ake yi. Kawu ma ya sani, na ga ya sunkuyar da kai.

Inna ta zare filas ɗin da kanta. Ta juya shi, ta auna shi a hannu, abin da bai kai yatsa ba. Ta kamo hannuna ta sa shi a ciki, ta naɗe mini yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Sai ta miƙa tafinta ƙasa daidai tsawon Loretta, ta ɗaga shi a hankali, ta wuce ƙugu, ta wuce kafaɗa, ta tsayar daidai kanta: sai yarinyar ta girma.

Ta dube ni. Ta fita.

Kawu ya yi gyaran murya ya ce wa Declan ya mayar da faya-fayansa kada su jiƙe.

Asabar, da safe

Na mayar da wayoyi. Gubbin ce ke kan aiki, mummunar, kuma na toshe mata hanyar intanet ko da ba ta nema ba. Ruwa bai tsaya ba, hanya ba ta buɗe ba. Na karanta sanarwar kogi tsakanin waƙa da waƙa, sai ga Mara-suna ya danna mini hon daga gangare, alamar sun ji.

Na taka zuwa bakin kanti na tsaya ƙarƙashin lasifika. Duk waƙar da za ta fara sai in riƙe numfashi ina jiran tak, tak. Na san na kwashe su duka, da idona na bi. Ina ce wa kaina tsoro ne ya sa nake jira.

Allah ya sani ba tsoro kaɗai ba ne.